Babi na Shida: Ruwan Tiga, Wa Ya Biya, Wa Ya Sha

Mutumin birnin Kano da ya murɗa famfo ruwa ya zubo, ranar da aka yi sa'a akwai shi, da wuya ya tuna da Bebeji. Haka mai auno shinkafar Kura a kasuwa, haka direban da ya yi lodin tumatir a Kwanar Gafan ya nufi Legas. Alhali dukkansu ruwan wuri ɗaya suke ci. Kogin Kano yana gangarowa ne daga duwatsun kudu, ya ratsa dajin Falgore ta ƙasar Doguwa da Tudun Wada, sai a tare shi a Tiga, cikin ƙaramar hukumar Bebeji. Daga nan ba ya ƙara tafiya da son ransa, da awo ake sakinsa. Wani kaso ya bi babban kanal ta Ruwan Kanya zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Wani ya bi tsohon kwarinsa zuwa wajen Tamburawa, inda ake ɗiba a tace wa birni. Abin da ya rage ne ke haɗuwa da kogin Challawa ya wuce Wudil, ya nufi Ringim da Hadeja da Nguru, idan ya isa.

Duk wanda ke neman sanin yadda adalci yake a aikace, ba a bakin masu wa'azi da 'yan siyasa ba, ya bi wannan ruwa daga sama zuwa ƙasa, yana tambayar mutanen kowane gari abin da ya kawo musu da abin da ya ɗauke.

Kafin komai, a ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Audu Bako, wanda ya riƙe jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, bai gina madatsun ruwa don ado ba. Ya fara da ta Bagauda, sannan aka shiga aikin Tiga a 1971, aka gama a 1974, daidai shekarun da fari ya ƙone Arewa da ƙasar Nijar, dabbobi suka mutu, mutane suka kwararo birane neman abin kai wa baka. Bangon Tiga ya kai tsawon kilomita 6, tsayinsa mita 48, tafkin da ya tara kuwa ya shafe fili kusan murabba'in kilomita 178. Shugaban da ya ga irin waccan yunwa ya ce sai ya adana ruwan damina don rani, ba a kiransa azzalumi. Da babu Tiga, Kanon da muka sani yau, mai mutane miliyoyi, da ƙishirwa ta daɗe da taka mata birki. Wannan ba abin musu ba ne, kuma ba shi ne batun babin nan ba.

Batun shi ne waccan murabba'in kilomita 178. Ba daji ne marar kowa ba. Ƙauyuka ne da gonaki da fadamu da maƙabartu, kuma sama da mutum 10,000 aka tasa daga cikinsu kafin ruwa ya hau. An yi musu sababbin matsugunai a kan tudu, an biya su diyya. A takarda magana ta ƙare ke nan. Amma manomi ya san gona ba eka ba ce kawai. Akwai gonar da kaka da uba suka yi shekaru suna zuba wa taki har ta yi baƙi, akwai sabon fili mai tsakuwa da ba a taɓa sa masa garma ba. Mai awon gwamnati da igiyarsa duk eka ɗaya zai rubuta. Akwai fadama, wadda ita ce rumbun talaka na biyu: rake, rogo, albasa, 'yar shinkafa, ban ruwa da jigo idan damina ta ƙi. Wanda aka ɗauke daga bakin fadama aka ɗora kan tudu an raba shi da rabin shekararsa, ko da filin da aka ba shi ya fi na da faɗi. Akwai ɗorawa da kaɗanya da kuka da tsamiya, waɗanda mata ke samun daddawa da man kaɗe da kuɗin cefane a jikinsu, kuma ko an biya kuɗin itacen, hannun maigida yake shiga. Akwai Bafillatanin da ba shi da gona ko ɗaya a wurin, amma nan ne mashayar shanunsa da burtalinsa tun kakanni. Shi ko layin karɓar diyya ba shi da dalilin shiga, don babu abin da zai nuna ya ce nawa ne.

Kuɗin diyya kuma, ko da sun cika, suna da wani hali: sukan ƙare. Gona ba ta ƙarewa. A shekarun da kuɗin man fetur suka sa farashin komai ya tashi, abin da aka damƙa wa mutum a hannu yau ba zai sayi rabin abin da aka karɓe masa ba baɗi.

Me ya sa doka ta ga wannan bai zama zalunci ba? Saboda tun 1910 Turawan mulki suka shelanta cewa ƙasar Arewa duka tana hannun Gwamna, talaka amfani kawai yake yi da ita. Dokar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 ta gaji wannan, ita ce kuma ke aiki lokacin da aka gina Tiga. A 1978 gwamnatin soja ta Obasanjo ta shimfiɗa tsarin a Najeriya baki ɗaya da Dokar Amfani da Ƙasa, aka kuma ɗaure ta a jikin kundin tsarin mulki don kada a taɓa ta cikin sauƙi. A ƙarƙashinta gwamna na iya janye haƙƙin mutum a kan fili saboda maslahar jama'a, a biya shi kuɗin gini da shuka da itatuwan da ke kai. Ƙasar kanta ba a biya, don a idon doka dama ba tasa ba ce. Idan kuma bai yarda da abin da aka ƙiyasta ba, dokar ta ce a kai maganar gaban kwamitin rabon filaye, wanda gwamnan ne ke naɗa shi.

Dokar nan ba ta nuna bambanci, kowa ta hau kansa daidai. Sai dai attajirin da ke da takardar mallaka da lauya da lambar wayar kwamishina, da manomin da shaidarsa ita ce dagaci ya san gonar ubansa ce, ba su taɓa tsayawa gabanta da ƙafa iri ɗaya ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, tsohon otal ɗin bakin tafkin Bagauda, wanda aka gina don masu shaƙatawa, yau shi ne reshen Kano na Makarantar Horon Lauyoyi ta Najeriya. Kowace shekara ɗaruruwan matasa daga ko'ina a ƙasar nan suna zama a can suna koyon yadda ake rubuta takardun filaye da yadda ake kare haƙƙin mallaka, tazarar ɗan lokaci kaɗan a mota daga inda gonakin mutane ke kwance ƙarƙashin ruwa. Da ni ke tsara karatunsu, da sai kowane ya kwana biyu a ƙauyukan da aka sake wa matsuguni kafin a sa masa hular gashin nan.

Mu gangara ƙasa kaɗan, inda ruwan ya zama alheri. Aikin noman rani na kogin Kano, wanda kamfanin NEDECO na ƙasar Holan ya tsara, an yi niyyar kashinsa na farko ya kai hekta 22,000. A nan yawancin manoma ba a kore su ba. An karɓi gonakinsu aka baje, aka ja hanyoyin ruwa, aka mayar musu bayan an cire ɗan kaso na kanal da hanya. Wannan shi ne rabo mafi kama da daidaito a duk labarin, kuma a nan ne za a ga iyakar daidaiton. Noman rani na zamani ba ruwa kaɗai yake ci ba. Yana son tarakta a kan lokaci, da taki, da iri, da kuɗin 'yan ƙodago, a daidai watannin da samarin gida suka saba tafiya cin rani. Mai hali ya samu duka. Marar hali ya ba da gonarsa haya ko jingina, wani lokaci ya dawo cikinta yana aikin lada. Tina Wallace, wadda ta yi bincike a yankin daga Jami'ar Ahmadu Bello a ƙarshen shekarun 1970, ta nuna yadda ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwar birni suka riƙa samun fili da kayan aiki cikin sauƙi, ƙananan manoma kuwa suna ja da baya. Ga kuma alkama, da hukuma ta nace sai an noma saboda burodin birane, ko manomi na so ko ba ya so. Da aka sakar musu mara daga baya, shinkafa da tumatir da masara suka zaɓa.

A cikin wannan tarihi akwai wani abu da ya kamata a ce 'yan makaranta sun sani. Wani kamfanin Turai ya buɗe gonar kayan lambu a yankin yana kaiwa kasuwannin Turai, ya ɗauki matan ƙauye aiki da lada ƙanƙane, bisa zaton mace Bahaushiya ba ta musu. Matan suka ajiye aiki suka ce sai an ƙara. Wata mai bincike, Sam Jackson, ta rubuta labarin yajin nasu a 1978. Ba su da ƙungiyar ƙwadago, yawancinsu ba su yi boko ba, amma ba su buƙaci kowa ya fassara musu abin da ake nufi da cin gumin wani ba.

Har yau, a cikin kanal ɗaya, wanda gonarsa ke kusa da bakin ƙofar ruwa yana sha ya ƙoshi, na can ƙarshe yana jiran saura, ko ya sayi inji da fetur. Kuɗin ruwan da ake karɓa a hannunsu kuwa na kowace eka ɗaya ne.

Wannan rigima ta na gaba da na baya ita ce ke maimaita kanta a kan kogin gaba ɗaya, sai dai a can asarar ta fi girma nesa ba kusa ba. Kafin Tiga, kowace damina kogin Hadeja yakan cika ya malala a fadamun Hadeja da Nguru, ya kwanta wata da watanni, sannan ya janye. Da wannan malala ake shinkafar fadama. Idan ruwa ya ja a bi danshinsa da wake da kayan lambu. Masunta su kama kifi, makiyaya su sauko da rani, rijiyoyin ƙasar su cika. Tiga ta riƙe ruwan damina, madatsar Challawa Goje da aka gama a 1992 ta ƙara riƙewa. Gaskiya ne farin shekarun 1970 da na 1980 shi ma ya rage ruwan, ba a ɗora wa madatsa laifin sama. Amma masu awo sun raba na fari da na madatsa, kuma na madatsa ba kaɗan ba ne. A 1998 Edward Barbier da Julian Thompson suka auna ribar da noman rani na sama ke kawowa da asarar da fadamun ƙasa ke yi a noma da su da itace. Sakamakonsu shi ne ribar, a mafi kyawun hali, ba ta wuce kashi 17 cikin 100 na asarar ba. Lissafin bai haɗa da ruwan shan birnin Kano ba, wannan a lura. Duk da haka ya isa ya girgiza wanda ya ɗauka cewa ruwan da ya wuce Wudil ɓarna ce.

Sai kuma wata masifa da ba wanda ya hango. Da kogi ya daina bushewa da rani, saboda ana sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, ciyawar kachala ta samu wurin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, ta zama gidan jan baki masu cinye shinkafa da gero. Wani gari ruwa ya daina zuwa masa, wani kuma ya zo ya ƙi tafiya. Kusan duk shekarar ambaliya za ka ji mutanen Ringim da Auyo da Hadeja suna cewa an sako musu Tiga, hukumar kogunan Hadeja da Jama'are ta ce ba ta saki komai ba, cika ya yi ya tumbatsa. Ko wanne ne gaskiya, mai gonar da ta nutse ba ya cikin ɗakin da ake yanke shawara. Lokacin da aka gina Tiga ma Hadeja cikin jihar Kano take, gwamna ɗaya ne da Bebeji. Tun da aka yanke Jigawa a 1991, ko ƙuri'ar da zai hukunta wani da ita a Kano ba shi da ita.

Malamanmu ba baƙin wannan matsala ba ne. A fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Kano, hukuncin ruwan da ke gangarowa ta gonaki sananne ne, asalinsa kuma hukuncin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi a kan kwaruruwan Madina: na sama ya fara sha, ya tare ruwa har ya kai idon sawu, sannan ya saki wa na ƙasa. A duba yadda aka gina hukuncin. Bai ce a raba daidai wa daida ba, ya yarda na sama yana da fifiko. Amma ya yanka wa fifikon iyaka da ma'aunin da kowa ke iya gani da idonsa, har yaro. Na ƙasa ba roƙo yake yi ba, haƙƙinsa yake jira, kuma ya san lokacin da aka ci masa shi. Abin da Tiga ta rasa ke nan tun ranar farko. Ba a taɓa gaya wa mutumin Nguru ga idon sawun ba.

A shekarar da aka fara aikin Tiga, 1971, wani masanin falsafa a Amurka, John Rawls, ya fitar da littafinsa a kan adalci, wanda ake ta karantawa a jami'o'i har yau. Gwajin da ya kawo shi ne, tsarin adalci shi ne wanda mutum zai amince da shi tun bai san matsayin da zai faɗa ba, mai kuɗi ko talaka. Duk wanda ya taɓa shiga watanda ya riga shi sani. Ana yanka sa, a kasa nama kashi-kashi, mai kasawa bai san wanne zai zama nasa ba, don sai an gama ake kiran yaro ya jefa ƙuri'a. Shi ya sa yake sa tsoka da ƙashi da kayan ciki a kowane kashi. Waɗanda suka kasa kogin Kano sun san sarai inda gidajensu suke, kuma ba ɗayansu da ke kwana a bakin Tiga ko a fadamar Nguru.

Za a ce, to ai kowane babban aiki sai wani ya yi asara, kuma masu amfana sun fi yawa. Na yarda da rabin farko. Na biyun ne ke buƙatar a tsaya. Yawan masu amfana hujja ce ta a yi aikin, ba hujja ba ce ta a bar 'yan kaɗan su ɗauki kuɗinsa su kaɗai. Hasali ma idan masu amfana miliyoyi ne, biyan mutum dubu goma har su gamsu ba zai yi musu nauyi ba. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Kuma ƙasar nan ta riga ta amince da wannan ƙa'ida a wasu wurare. Jihohin da ake haƙo mai suna karɓar kashi 13 cikin 100 kafin a raba saura. Yankunan da ke kewaye da Kainji da Jebba da Shiroro an kafa musu hukumar HYPPADEC saboda abin da madatsun lantarki suka jawo musu. Ruwan sha da na noma ne kawai ake ɗauka kamar daga sama ya faɗo cikin bututu. Mutanen Doguwa da Tudun Wada an hana su sara da noma a Falgore, kuma hanin daidai ne, don dajin ne ke kare kan kogin. Amma gadin da suke yi wa ruwan birni ba ya cikin lissafin kowa. Ko lantarkin megawat 10 da gwamnatin jiha ta ɗora a Tiga, matatar ruwa da fitilun titunan birni aka ambata tun farko a matsayin masu cin moriyarsa.

Haɗari ma ba a raba shi daidai ba. A watan Agustan 1988 madatsar Bagauda ta ɓalle bayan ruwan sama mai yawa, ta yanke hanya, ta shafe gidaje da gonakin da ke ƙasanta. Tsoron kada Tiga ta bi sahu ya sa a 1992 aka rage tsayin wurin tumbatsarta, abin da ya rage ruwan da take iya riƙewa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Masu kwana ƙarƙashin bangon su ne masu wannan fargaba duk watan Agusta.

Wani zai ce ai mutanen Tiga ba su yi bore ba, ashe sun yarda. Zamanin soja ne, kuma talakan da hakimi ya aiko masa da umarni ta bakin dagaci, "ranka ya daɗe" kawai ya sani. Abin da ke faruwa idan talaka ya ƙi, an gan shi a madatsar Bakolori, ƙasar Talata Mafara, a watan Afrilun 1980, a mulkin farar hula na Shehu Shagari. Manoman da aka karɓe wa gonaki suka tare hanyoyin aikin suna neman diyyarsu, aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, mutanen wurin suka ce ɗaruruwa ne. Shirun Tiga da jinin Bakolori amsa biyu ce ga tambaya ɗaya, kuma ba a yi wa ko ɗayansu tambayar kafin a fara haƙa ba. Hukumar duniya da ta binciki manyan madatsu, wadda Nelson Mandela ya ƙaddamar da rahotonta a 2000, ta ƙiyasta mutum miliyan 40 zuwa 80 ne aka tasa a duniya ta wannan hanya, ta kuma ce a daina ɗaukarsu a matsayin masu karɓar diyya, a sa su cikin masu rabon riba da masu yanke shawara.

An ɗan motsa. A 2006 jihohi shida da kogin ya shafa, Kano da Jigawa da Yobe da Borno da Bauchi da Filato, suka zauna a Damaturu suka amince da tsarin kula da ruwan tare, aka kafa asusu don haka. A gonakin Kadawa da Kura an kafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, an kuma gyara kanal-kanal da bashin Bankin Duniya. Ana yanke kachala, tana sake tsirowa.

Waɗanda suka fi kowa karanta darasin Tiga su ne mutanen Yobe da Borno. Kogin Jama'are, wanda ba a tare shi da babbar madatsa ba, shi ne yanzu ke kai musu mafi yawan ruwan da ke isa Gashuwa da gabas da ita. Tun zamanin Shagari aka ba da kwangilar tare shi a Kafin Zaki, cikin jihar Bauchi. Aka tsayar a 1984, aka sake tasowa, aka sake tsayarwa. Da gwamnan Bauchi Isa Yuguda ya taso da maganar wajen 2008, yana lissafa hektocin da za a noma da ayyukan da za a samu, gwamnonin Yobe da Borno suka fito fili suka ce ba su yarda ba. Manoman Bauchi da ke jiran ruwan su ma talakawa ne, suna kuma da gaskiyarsu. Har yanzu ba a gina madatsar ba.